Abin Da Karen Gadi Ya Koya Mana Kan Lafiya Da Ƙuri'a

Mai martaba Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Iyayenmu malamai, Allah ya gafarta muku. Shugabannin wannan ƙungiya, 'yan'uwa 'yan kasuwa, da iyaye mata, muna yi wa kowa barka da zuwa.

An ce mu 'yan layin goro mu faɗi wani abu a wannan taro. Da muka gaya wa sakatare cewa a kan kare za mu yi magana, sai da ya cire tabarau ya sake dubanmu. To, a yi mana haƙuri a saurara, domin a bayan karen nan akwai ran ɗan Adam.

Wasu shekaru da suka wuce ɓarayi suka matsa wa layinmu. Sau uku ana fasa rumfa cikin damina ɗaya. Maigadinmu dattijo ne, ya ce shi kaɗai ba zai iya ba, sai dai a samo masa kare. Nan fa gardama ta kaure, wasu suka ce Musulmi da kare ina aka haɗu? Muka ɗunguma wajen malaminmu. Ya ce Hadisi ya yi rangwame a kan karen farauta da na kiwo da na gona, kuma malamai da yawa sun yi ƙiyasin tsaron gida da dukiya a kansu idan akwai bukata. Ya tuna mana cewa a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai idan ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Ya kuma tuna mana mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Daga ƙarshe ya ce, wanda ya ajiye dabba, ci da sha da lafiyarta suna wuyansa.

Haka muka samo ɗan kwikwiyo baƙi ƙirin, yara suka sa masa suna Duna. Ba ya shiga gidan kowa, ba ya kusantar tabarmar salla. Da rana yana ɗaure a bayan rumfa, da dare yana tare da maigadi. Tun daga lokacin ba a sake karya mana ƙwado ba. Muna ba shi ƙanzo da ƙashi, amma maganar allura ko a mafarki ba ta zo mana ba.

Sai ranar da wani kare marar ubangida, cikin masu kwana a juji, ya ciji ɗan maƙwabcinmu a ƙafa. Yaron bai wuce shekara takwas ba. Ciwon ɗan kaɗan ne, aka shafa toka aka ɗaure da tsumma, ya warke, kowa ya manta. Bayan kamar wata biyu zazzaɓi ya rufe shi, ya riƙa firgita, in an miƙa masa ruwa sai ya zabura. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce jifa. Ko da aka kai shi asibiti, likita ya ce haukan kare ne, kuma an makara. Cikin 'yan kwanaki muka sallace shi. Allah ya sa mai ceto ne.

Jama'a, mutuwa dai da ajali take, wannan babu ja. Amma wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, ya kuma ce a nema. Washegarin sadakar uku muka ja Duna zuwa wajen likitan dabbobi. Ga abin da muka koya daga wajensa da wajen ma'aikatan lafiya, mu ma muna isarwa.

Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabba, tana shiga ta cizo ko yaƙushi, ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Galibi takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ta nuna kanta. Da zarar alamu sun bayyana, da wuya ƙwarai a tsira. Amma kafin nan ana iya tare ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 59,000 ke mutuwa da ita kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu daga kare suke ɗauka. Kimanin huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Alhali tun 1885 wani masani a Faransa, Louis Pasteur, ya ceci wani yaro da allurar wannan cuta.

Saboda haka in kare ya ciji mutum, abu na farko a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. Ban da toka, ban da kalanzir, ban da barkono. Na biyu, a tafi asibiti a ranar, a fara allura, a kuma cika ta, don ba guda ɗaya ba ce. Na uku, in an san karen a sa masa ido kwana goma, amma kada a ce sai an ga yadda ya ƙare sannan a je asibiti. Shi kuma mai kare, ya yi masa allura tun yana wata uku, ya riƙa sabuntawa yadda likita ya ce, ya adana katin kamar yadda yake adana rasiɗin rumfa.

To ina siyasa ta shigo? Likitan ya ce mana, Alhaji, karenku ɗaya ne. Sai an yi wa bakwai cikin kowane karnuka goma na gari allura sannan cutar take yankewa. Wannan kuwa ya fi ƙarfin ɗan kasuwa, aikin hukuma ne. Tsarin mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki akwai kwashe shara, da kula da kasuwa da mayanka, da sa ido kan dabbobin da ake ajiyewa a gida, da sa hannu a harkar kiwon lafiya. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Mu da muka kai hamsin mun ga duba-gari, waɗanda maƙwabtanmu Yarabawa ke kira wole-wole, suna leƙa randa. Mun ga sharar gari ta zamanin Buhari da Idiagbon, 1984 zuwa 1985. Ashe in an so yi, ana iyawa.

Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, laifin har da namu. Idan zaɓe ya ƙarato, masu neman kujera su zo da shinkafa da atamfa, mu karɓa mu yi tafi. Wa ya taɓa tashi a cikinmu ya ce, ranka ya daɗe, jujin nan fa? Allurar cizon kare fa, a asibitin unguwa? Kullum maganarmu ita ce mu baƙi ne, nema muka zo. Alhali tun 1916 aka kafa Sabon Ibadan. A nan aka binne kakannin wasunmu, a nan muke biyan haraji. Wani shekararsa talatin a nan, amma katin zaɓensa yana Katsina ko Sakkwato. Kare mai hauka kuwa ba ya tambayar Bahaushe ne ko Bayarabe. Juji ɗaya ne, kwata ɗaya ce, 'ya'yansu da namu hanya ɗaya suke bi zuwa makaranta.

Kuma kada mu ji tsoron allura. Mun tuna abin da ya faru a 2003, da aka dakatar da allurar shan-inna a Kano saboda zargi, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen maƙwabta. Da sarakuna da malamai suka shiga gaba, sai ga shi a watan Agustan 2020 an bayyana cewa asalin ƙwayar shan-inna ta ƙare a Afirka. Tambaya ba laifi ba ce, amma a tambayi masu sani.

Don haka muna roƙon ƙungiya abu uku. Ɗaya, a rubuta duk mai kare a unguwa da kasuwa da kara, a gayyato likitan dabbobi sau ɗaya a shekara. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya, sai mu riƙe ta. Biyu, a ware wani abu daga asusu don wanda kare ya ciza ba shi da hali, musamman almajirai, domin allurar tana da tsada, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Uku, mu maido da katin zaɓenmu inda muke kwana, mu zauna da maƙwabtanmu mu rubuta bukatunmu a takarda ɗaya. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a, a miƙa masa takardar tun kafin ya sauke buhu.

Duna yanzu ya tsufa, haushinsa ma ya dushe, amma katinsa yana nan cikin akwatin kuɗin layi, kowace shekara da hatiminta. Mahaifin yaron nan shi ke tuna mana idan lokacin allura ya yi.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, malamai su gyara mana. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya ba mu shugabanni masu tausayi. Wassalamu alaikum.