Matoshin Na'urar Ji

Na'urar ji ta bayan kunne tana tura sauti ta siririn bututu zuwa matoshi, wanda ake ƙerawa bayan an ɗauki siffar kunnen mai ita. Mai kurumta mai tsanani ya fi dacewa da matoshin silikon mai taushi da ke cike kunne, domin in sauti ya zurara waje, sai na'urar ta riƙa fito. Wanda jinsa ya ɗan ragu kuwa, ƙaramin matoshi mai kafar iska ya wadatar, ga sauƙin gumi da bazara. Yara kan buƙaci sabo akai-akai saboda kunnensu na girma, ɗawainiya ce babba ga iyayen Ƙaraye da Rogo masu zirga-zirga zuwa asibitocin Kano.