Mota mai rufin tamfol: kafin ka miƙa kuɗin shanunka

Jama'a masu saurare, makiyaya da fatake, na nan Gadarif da na Doka da Gallabat, har da 'yan'uwa na tsallaken iyaka a Matama. Yau maganarmu a kan tsohuwar mota ce mai buɗaɗɗen sama, wadda ake yaye mata rufi a mayar. Samari suna ganin irinta a finafinai, 'yar gajeruwa mai sheƙi, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Wannan ta kwalta ce. Tamu ta nan ita ce tsohuwar Land Rover mai rufin tamfol, da Land Cruiser da Hilux masu buɗaɗɗen baya, waɗanda muke kira boksi.

Motar nan tana da daɗi, ba ƙarya. Ka yaye tamfol ka loda buhunan riɗi ko dawa, ko tumaki su tsaya a sarari ba su galabaita ba. A jeji kana hangen garke daga nesa. To amma in kaka ta wuce, kuɗi sun shigo hannu, ka nufi dalala, ido yakan tafi kan fenti da sabon tamfol. Malam, abin da zai cuce ka yana ƙarƙashin mota, ko kuma yana cikin takarda.

Mu fara da ƙarƙashi. Land Rover ta fito tun 1948, kuma da rufin tamfol ta fito. Jikinta na alminiyom ne, ba ya tsatsa, amma shasin da ke ɗauke da ita baƙin ƙarfe ne. Saboda haka sai ka ga jiki sumul, ƙasa kuwa ta ruɓe. Kun san baƙar lakar nan tamu: daga Yuni zuwa Oktoba tana manne wa ƙarfe, ta riƙe danshi kwana da kwanaki. Ka shiga ƙarƙashi da tocila da ƙaramar guduma, ka ƙwanƙwasa. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi ƙal-ƙal. In ka ji dum, ko ɓarɓashi ya zubo, ko ka ga sabuwar walda an shafe ta da baƙin mai, to tambayi dalili.

Sai ka ɗaga shimfiɗar ƙafa. Motar da ta yi damina da tamfol mai yoyo, ruwa a nan yake kwana, ya ci daɓen, ya lalata wayoyin wuta. Ka sa a watsa bokitin ruwa a kan rufin kana zaune a ciki. Dillalin da ya ƙi wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa. Ka gwada giyar jeji a kan turɓaya, ka ji ƙafa huɗu suna ja. Kuma ka je da bakanikenka, kada ka dogara da na mai sayarwa.

Na biyu, takarda, kuma ita ce babba. Tun da yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023, an kwashe motocin bayin Allah masu ɗimbin yawa a Khartum, daga baya a Wad Madani da sauran garuruwan Jazira. Masu su suna raye, suna cigiya. Kafin wannan ma akwai motocin fasa-ƙwauri marasa rajista da ake kira boko. Don haka ka nemi shahadar bahas ta asali, ka ƙi hoto. Ka gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce, harafi da harafi. In ka ga alamar an goge lamba an sake bugawa, juya ka yi tafiyarka. Ku je ofishin murur tare da mai motar a binciki fayil, a mayar da ita sunanka kafin ka cika kuɗi. Arahar da ta wuce hankali tarko ce. Ka sayar da shanu biyar ka sayi motar wani, ranar da aka tsayar da kai ba mota, ba shanu, ga shari'a, ga hakkin mutum a wuyanka.

A kula kuma, Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, wadda ake kira tatshar, yanzu kamannin motar yaƙi gare ta. Mai ita ya shirya amsa tambayoyi a kowane shinge. Takardu su zauna kusa da hannu, kuma a rage tafiyar dare.

Na uku, tuƙi. Tamfol inuwa ce kawai. In mota ta kife, ba abin da zai tare. Ka sa a ɗaura mata ƙarfen kariya mai kauri a bayan kujera, wanda aka kafe a kan shasi. Kada a tula kaya sama a ɗora yara a kai. Nauyi in ya yi sama, kwana ɗaya ta isa. Daga Gadarif zuwa Gallabat kilomita 150 ne da 'yan kai. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, wanda ya yi wannan tafiya kai a buɗe iska za ta ruɗe shi, ba zai ji ƙishi ba sai jiri ya kama shi. Ja tamfol, naɗa rawani, ɗauki ruwa naka da na lagireto. In iskar ƙura ta taso, ka sauka gefen hanya, ka kakkaɓe matatar iska bayan ta lafa. A kasuwa kuwa, mota mara rufi ba ta da makulli: kuɗi, fam ne ko bir, a jikinka.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tamfol ko ya yage ana ɗinkewa a kasuwa. Shasin da ya ruɓe da takardar da ba ta da asali, su ne ba su da magani mai sauƙi.

Allah Ya ba mu halal, Ya kiyaye hanya, Ya kawo wa Sudan zaman lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.