Kiwon Kifi da Jarin Ƙasashen Waje: Ina Rabonmu?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



An umarce ni da in yi tsokaci kan kiwon kifi, sana'ar da da yawa daga cikinmu ke sha'awar zuba wa kuɗi a gida. Dalilin sha'awar a fili yake. Nijeriya na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, amma abin da muke samarwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Ana rage wannan giɓi ne da kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi daga Turai da wasu sassa, da dala ake biya. Duk da haka, babu ƙasar da ta kai mu kiwon tarwaɗa a Afirka. Kasuwa kam akwai ta.

To ina gizo ke saƙa? Wajen abinci. Haƙa tafki da sayen 'ya'yan kifi su ne ƙaramin aikin. Tarwaɗa na ɗaukar wata huɗu zuwa shida kafin ta kai kilo ɗaya, kuma a wannan tsakani takan cinye fiye da kilo ɗaya na abinci. Cikin kowace naira ɗari da mai kiwo zai kashe, sittin zuwa saba'in a bakin kifi suke ƙarewa. Wasu daga cikin kayan haɗin, irin su garin kifi, daga waje ake kawo su. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin jawo ruwa da inji ya tashi. Da aka saki naira a watan Yuni na shekarar, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, farashin buhun abinci ya bi ta. Tafkuna da dama sun bushe a wannan lokaci.

Masu jari na ƙasashen waje sun riga mu gano inda ribar take. A 2017 kamfanin Olam, mai hedikwata a Singafo, ya buɗe masana'antar abincin kaji a Jihar Kaduna da ta abincin kaji da kifi a Ilori, a kan jarin dala miliyan 150. Kamfanin Skretting, reshen Nutreco na ƙasar Holan, yana sarrafa abincin kifi a Ibadan. Zuwansu ya kawo alheri: ayyukan yi, abinci mai inganci, da kasuwa ga manoma. Sai dai mu lura, masara da waken suya da ke cikin buhun daga gonakin Arewa suke fitowa. Mukan sayar da su da araha lokacin kaka, su dawo mana da tsada cikin buhu mai tambari.

Saboda haka shawarata ga ƙungiya guda uku ce. Na farko, maimakon kowa ya haƙa tafkinsa ya bar wa ƙane ba tare da lissafi ba, mu haɗa hannun jari mu sayi injin haɗa abinci mai yawo a kan ruwa, mu riƙa sayen hatsi daga manomanmu da kaka. Na biyu, mu tura matasa biyu ko uku su koyo ƙyanƙyasar kifi da haɗa abinci a cibiyar binciken kifi ta tarayya da ke New Bussa. Na uku, mu gina wa mata murhun banda na zamani, domin ɗanyen kifi ba ya jiran ciniki, amma banda takan jira har farashi ya yi kyau.

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai jari daga waje ba ya zuwa inda babu tsari, kuma idan ya tarar da mu a haɗe, da littafin lissafi da kayan aiki, zai zauna da mu a matsayin abokan ciniki. Ina roƙon a kafa kwamitin da zai kawo ƙiyasin kuɗin wannan aiki kafin taro na gaba.