Tukunya Ɗaya, Yara Iri-iri: Girki Domin Yara Masu Buƙata ta Musamman a Arewacin Zamfara

Laccar da aka gabatar ga taron iyaye, malamai da ma'aikatan lafiya a Ƙaura Namoda

 

A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF, tare da Ma'aikatar Lafiya, ta auna yara fiye da 97,000 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi. Aka tarar kusan ɗaya cikin kowane huɗu yana fama da tamowa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne a wurinmu: gonakin da 'yan bindiga suka hana nomawa, ƙauyukan da aka tayar, tsadar mudu, da cututtukan damina. Amma a cikin waɗannan yaran akwai wani rukuni da ba a cika ambatarsa ba. Su ne waɗanda ko abinci na nan a gida, ba ya shiga cikinsu, ko kuwa in ya shiga sai ya zame musu cuta. Su ne ke fara ramewa in abinci ya yi ƙaranci, su ne kuma ke daɗewa ba su farfaɗo ba.

A gidajenmu tukunya ɗaya ake ɗorawa. Tuwon dawa da miyar kuka, a raba wa maigida nasa, a zuba wa yara a kwano ɗaya su zagaye. Tsari ne mai albarka, yana koya wa yaro zama da 'yan'uwa. Sai dai yaron da ba ya iya ci daga wannan kwanon yakan tashi da yunwa ba wanda ya lura, in an lura kuma a ce tsirfa ce ko sangarta. Abin da na zo in faɗa muku a yau ƙa'ida ce guda: kada a cire wa yaro wani abinci sai da hujja, in kuma an cire, a maye gurbinsa a ranar. Duk sauran bayanina a kan wannan zai tsaya.

Bari in fara da yara masu lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya fara bayyana ta dalla-dalla a 1943, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa tana shafar kusan yaro 1 cikin 100. Yaro ne da yakan makara wajen magana, ko a kira sunansa bai waiwayo ba, ko ya riƙa maimaita abu ɗaya, ya tayar da hankali in an sauya masa abin da ya saba. Ba aikin aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne. Haka ƙwaƙwalwarsa ta ginu.

Da yawa daga cikin irin waɗannan yara suna jin abu fiye da yadda muke ji. Ku dubi abin da ke faruwa a tsakar gida bayan magariba. An kawo tuwo da miyar kuɓewa. Yaron ya sa yatsa, ya ji yauƙi, ya janye hannu ya goge a riga. Warin daddawa da mu ke jawo mana yawu, shi tashin zuciya yake sa shi. Hannuwa biyar na shiga kwano, rediyo na magana, akuya na kuka. Sai ya tashi ya koma bakin zaure, ya jira biskit ko gayan tuwo. Uwa ta gaji, kaka ta ce a riƙe shi a yi masa ɗura.

Ina roƙonku, iyayena mata, a daina ɗura. Kunun da aka ɗura wa yaro yana kuka yakan bi hanyar numfashi ya sauka a huhu, ya jawo ciwon haƙarƙari, wani lokacin ya zama ajali. Ko ya tsira daga wannan, ya koyi cewa lokacin cin abinci lokacin azaba ne. Abin da ke aiki shi ne haƙuri mai tsari. A ba shi kwanonsa daban, wanda zai saba da shi, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya kullum. A raba tuwo da miya, kada su taɓa juna. A fara daga abin da yake so a matsa kaɗan-kaɗan. Mai son abu busasshe mai ƙaras-ƙaras, a kai shi daga biskit zuwa ƙosai mai soyuwa, daga nan zuwa awara, daga nan zuwa soyayyen dankali. Mai son abu mai laushi, a kai shi daga koko zuwa kunun gyaɗa, zuwa faten kabewa da aka tuƙe sumul. Sabon abinci kuwa a ajiye ɗan kaɗan a gefen kwano, ko da kallo kawai zai yi. Yaro kan buƙaci ya ga abu sau 10 zuwa 15 kafin ya ɗanɗana, mai galahanga kuwa ya fi haka. Sannu ba ta hana zuwa.

Abu biyu kuma a lura da su. Na farko, taurin bayan gida ya yi yawa a irin waɗannan yara, kuma yaron da ba ya magana ba zai ce cikinsa ke ciwo ba, sai dai ya ƙi abinci ya yi ta kuka. Ruwa, ganye da wake suna taimakawa. Na biyu, cin ƙasa ko gawayi. Sau da yawa alama ce ta ƙarancin jini, mu kuma mutanen Zamfara ba mu manta da gubar dalma ta 2010 a yankunan Anka da Bukkuyum ba, wadda ta kashe ɗaruruwan yara. Yaron da ke cin ƙasa a kai shi a auna jininsa.

Yanzu wayar hannu ta kawo mana wani sabon abu. Za ku ga ana yaɗa cewa in an hana mai galahanga alkama da madara zai warke, wasu har da tallar garin magani mai tsada. Binciken da aka yi bai tabbatar da haka ba, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ma ta ce kada a ɗauki hana abinci a matsayin maganin lalurar. Yaron da duk duniya abinci huɗu yake ci, in kika cire biyu, me ya rage masa? Ba galahanga kika rage ba, tamowa kika ƙara.

Sai rukuni na biyu, masu borin jini da abinci ke tayarwa. A nan jiki ne ke ɗaukar wani abinci a matsayin abokin gaba. Alamarsa tana zuwa da sauri, cikin mintuna zuwa awa biyu: ƙuraje masu ƙaiƙayi da tashi rudu-rudu, kumburin leɓe ko ido, amai. Waɗanda suka fi jawo shi su ne madarar shanu, ƙwai, gyaɗa, kifi, waken suya, riɗi da alkama. In har numfashi ya fara sarƙewa, murya ta dishe, ko yaro ya yi laushi, to ba lokacin jiƙo ba ne, ba kuma lokacin Piriton ba. Allurar adiranalin ce ke ceto, a garzaya asibiti.

Mu a nan gyaɗa ce babbar magana. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929 garin nan ya zama wurin tara gyaɗa da auduga, gyaɗa kuma ta shiga kusan kowane kwanonmu. In likita ya tabbatar yaro ba ya jituwa da ita, hana shi gyaɗar ci kawai bai isa ba. Tana cikin ƙuli-ƙulin kwaɗon zogale, tana cikin yajin tsire, tana cikin labun kilishi, tana cikin miyar taushe. Man gyaɗar da ake matsewa a gida yana ɗauke da abin da ke tayar da borin, don haka ƙosan da aka soya da shi ma haɗari ne. Ludayin da aka dama kunun gyaɗa da shi, turmin da aka daka ƙuli, duk sai an wanke da sabulu. Dabarar uwargida ita ce ta ɗebi rabon yaron a ƙaramar tukunya kafin ta zuba gyaɗa a babbar. A madadinta a ba shi wake, awara, ƙwai, kifi, da manja, muddin su ba sa tayar masa.

Amma kada tsoro ya sa a hana gyaɗa ga yaran da ba ta yi wa komai. Wani babban bincike da aka yi a Landan, aka wallafa a 2015, ya nuna cewa jariran da aka fara ba su gyaɗa da wuri sun fi tsira daga borinta da kusan kashi 80 cikin 100. Wato kunun gyaɗar kakanninmu, in an fara shi bayan wata shida na nonon uwa zalla, kariya ne. Sai jaririn da ke da tsananin ƙurajen fata, shi a fara tuntuɓar likita. Ƙwayar gyaɗa kuwa ba a ba ɗan ƙasa da shekara biyar, tana shaƙewa. Abincin tamowa na leda da ake bayarwa a asibitocinmu ma da gyaɗa, madara, sukari da mai ake yinsa. In kin taɓa ganin gyaɗa ta kumbura wa ɗanki fuska, ki faɗa wa ma'aikaci kafin a fara. In ba ta taɓa yi masa komai ba, ki ba shi ya shanye rabonsa, kada a raba wa 'yan'uwansa, kada a kai kasuwa. Gyaɗar da ya kamata kowa ya guje wa ita ce mai hunhuna da ɗaci, domin tana ɗauke da guba mai lalata hanta wadda wuta ba ta kashewa. A tsince ta a zubar.

Madara ma sai an bambance. Wani yaron in ya sha madarar gari cikinsa ya yi ta ƙugi, ya kumbura, ya yi zawo. Wannan ba bori ba ne, sukarin madarar ne hanjinsa ba ya narkarwa sosai, kuma da yawansu suna shan nono mai tsami da kindirmo lafiya, domin tsamin ya rage sukarin. Kada a raba irin wannan yaro da fura da nono. Wanda kuwa madara ke sa wa ƙuraje da kumburi, shi ne za a hana duka. Akwai kuma yaran da alkama ke cinye musu hanji, su yi ta zawo suna ramewa. In gwaji ya tabbatar, a bar burodi, taliya, fanke, alkubus da alkaki. Gero, dawa, masara, shinkafa da rogo duk babu abin da ke cutar da shi a cikinsu. Abin da Turawa ke saye da tsada a kantuna, mu shi ne cimarmu ta kullum.

Rukuni na uku su ne yaran da tauna da haɗiya ke yi wa wuya, kamar waɗanda shawara ko doguwar naƙuda ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Uwa takan tsinka kunu da ruwa don ya wuce, sai ciki ya cika da ruwa babu abinci. Ga dabara daga cikin rumbunmu. Ki jiƙa gero ya kwana, ki shimfiɗa shi a jiƙaƙƙen buhu ki rufe, ki riƙa yayyafa ruwa kwana biyu zuwa uku har ya tsiro. Ki shanya ya bushe ƙayau, ki murje saiwoyin da tsiron ki fece, ki niƙa. Ki dama kunu mai kauri ƙwarai, wanda ludayi zai tsaya a ciki, ki sauke, ki barbaɗa ƙaramin cokali na garin tun da ɗuminsa, ki juya. Kina kallo zai saki ya yi laushi ba tare da kin ƙara ruwa ba. Sai ki mayar wuta ya tafasa, ki sa cokalin mai da garin waken suya ko na busasshen kifi. A zaunar da yaron a miƙe, a ba shi da cokali a hankali. In yana tari ko ƙwarewa duk lokacin ci, a kai shi a duba, domin wasu abu mai ɗan kauri ya fi musu sauƙin haɗiya. Masu sikila kuma, a yawaita musu ruwa, ganye da wake, musamman a bazara.

Zan ƙare da roƙo. Maigida, kuɗin cefane ba na uwa ba ne ita kaɗai, ƙwai biyu a mako ga wannan yaron haƙƙinsa ne a kanka. Kaka da kishiya da maƙwabciya, ku daina cewa uwar ce ta ɓata shi, ku taya ta. Malaman allo da na boko, ku san wane yaro ne ba ya cin me. Ma'aikatan lafiya, in yaro ya warke daga tamowa ya sake dawowa, ku tambayi yadda yake ci, ba abin da ake dafawa kawai ba, in ya fi ƙarfinku ku tura shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Hukumomi kuma su tabbatar babu asibitin da zai rasa allurar adiranalin da wanda ya iya yinta. Uwa, ki riƙe a ranki ko ki sa a rubuta miki abin da ɗanki ya ci da abin da ya biyo baya, wannan ce hujjar da likita zai yi aiki da ita.

Waɗannan yara amana ce a hannunmu, kuma za a tambaye mu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya dawo mana da zaman lafiya mu koma gonakinmu.