Kuɗin Gudummawa da Kula da Kyanwoyi a Gidajen Renon Dabbobi

Maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana yadda kuɗin gudummawa ke riƙe da gidajen da ake tsugunar da kyanwoyi marasa galihu, da abin da ake yi da kuɗin, da kuma abin da ke sa irin wannan asusu ya ɗore ko ya rushe. Za a ɗauki misali daga wurare biyu, ɗaya a birnin Landan na ƙasar Ingila, ɗaya kuma a birnin Alƙahira na ƙasar Masar. Duk biyun da kyakkyawar niyya aka kafa su, amma ƙarshensu ya sha bamban. Wanda ya fahimci dalilin wannan bambanci ya fahimci abin da ya kamata ya duba kafin ya sa hannu a aljihu.

Gidan Battersea

A shekarar 1860 wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe wani ɗan wuri a unguwar Holloway ta arewacin Landan domin tsugunar da karnukan da suka ɓata ko suke fama da yunwa a kan tituna. Ba mai dukiya ba ce, saboda haka da taimakon abokan arziki ta fara. Da farko har jaridar The Times ta yi wa aikin ba'a, tana ganin ɓarnar kuɗi ce. Amma sannu a hankali ra'ayin jama'a ya juya, musamman bayan da mujallar shahararren marubucin nan Charles Dickens ta buga wani bayani na goyon baya a 1862. Mary Tealby ta rasu a 1865, ba ta ga bunƙasar abin da ta shuka ba. A 1871 aka mayar da gidan unguwar Battersea, kudu da kogin Thames, inda yake har yanzu.

A 1883 ne gidan ya fara karɓar kyanwoyi, a 1885 kuma Sarauniya Victoria ta zama uwar ƙungiyar. Sai a 2002 aka sa kyanwoyi a cikin sunan gidan, ko da yake sun fi shekara 100 suna zaune a ciki. Ban da babban gidan na Landan, akwai rassa biyu, ɗaya a Old Windsor, ɗaya a Brands Hatch. Daga wannan gida ne a 2011 aka ɗauko wani muzuru mai suna Larry aka kai shi gida mai lamba 10 a Titin Downing, watau mazaunin Firayim Ministan Birtaniya, domin ya kori ɓeraye.

Abin lura a nan shi ne, gidan ba ma'aikatar gwamnati ba ne. Ƙungiyar taimako ce mai zaman kanta, wadda ta dogara ga abin da jama'a suka bayar. Da haka ta tsallake yaƙe-yaƙen duniya biyu, ta kuma wuce shekara 160 ƙofarta a buɗe.

Inda Kuɗin Ke Tafiya

Mutane da yawa suna tsammanin abinci ne kaɗai ake saye da gudummawa. Haƙiƙa abinci yana ciki, kuma ba ƙaramin abu ba ne, gama kyanwa maciyar nama ce. Jikinta yana bukatar wani sinadari da ake kira taurin, wanda daga nama ake samunsa, in ta rasa shi kuwa idanunta da zuciyarta sukan lalace. Saboda haka ragowar tuwo ko burodi ba za su riƙe ta ba. Madarar shanu ma, wadda ake ɗauka ita ce abincin kyanwa, takan ɓata wa manyan kyanwoyi da yawa ciki.

Amma tun ran da aka kawo kyanwa gidan reno, kashe kuɗi na farko a wurin likitan dabbobi yake. Za a duba lafiyarta, a ba ta maganin tsutsar ciki da na ƙuma, a keɓe ta daga sauran har a tabbata ba ta ɗauke da cuta. Wannan keɓewa wajibi ce, domin murar kyanwoyi da wata cutar hanji mai kashe 'yan ƙanana suna yaɗuwa da sauri a inda aka tara dabbobi da yawa. Sa'an nan a yi mata allurar rigakafi. 'Yan kyanwoyi akan yi musu ta farko suna da kamar mako 9, a maimaita bayan mako 3 ko 4. Har ila yau akan sa mata wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata, girmanta kamar ƙwayar shinkafa, mai ɗauke da lambar da za a gane mai ita in ta ɓata. Tun daga ranar 10 ga Yuni 2024 doka ta tilasta wa masu kyanwoyi a Ingila su sa wannan na'ura kafin kyanwa ta kai mako 20.

Bayan wannan akwai albashin ma'aikata, da wuta, da ruwa, da magungunan tsabtace ɗakuna, da ɗumama su lokacin sanyi. Waɗannan ba su da daɗin faɗi a takardar neman taimako, amma in babu su gidan zai zama matattarar cuta.

Akwai kuma aiki guda wanda ya fi kowanne rage wahala, watau aikin da likita ke yi don hana haihuwa, ga mace da namiji. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana da wata 4. Cikin nata mako 9 ne kacal, tana kuma iya haihuwa har sau 3 a shekara. In aka ce 'ya'ya 4 take haifa kowane karo, kyanwa ɗaya ta ba da 12 ke nan a shekara, matan cikinsu kuma za su fara tasu haihuwar kafin shekarar ta zagayo. Babu gidan renon da zai iya gina ɗakunan da za su ɗauki wannan yaɗuwa. Don haka kuɗin da aka kashe wajen yi wa kyanwa ɗaya aiki ya tare kashe ninkinsa a gaba. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani. Wannan ne ya sa ƙungiyar Cats Protection, wadda aka kafa a Birtaniya a 1927, take taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi da kuɗin yi wa kyanwoyinsu wannan aiki tun suna gidajensu.

Ƙarshen tafiyar kuwa shi ne a samo wa kyanwa sabon gida. Wanda ya zo ɗauka yakan biya wani abu, amma sau da yawa abin da ya biya bai kai abin da aka kashe a kanta ba. Gudummawa ce ke cike giɓin.

Hanyoyin Samun Kuɗin

Hanya ta farko ita ce ɗan abin da mutum ya yi alkawarin bayarwa kowane wata ta banki. Ko da kaɗan ne, masu gudanar da gidajen sun fi son irin wannan, domin da shi ake iya tsara kasafin shekara. Kyanwa ba ta san watan da taimako ya yi ƙaranci ba, kullum sai ta ci. Da yayyafi, an ce, kogi kan cika.

Hanya ta biyu ita ce wasiyya. Mutane da dama a Birtaniya sukan rubuta cewa bayan ransu a ba irin waɗannan ƙungiyoyi wani kaso na dukiyarsu, kuma wannan yana cikin manyan ginshiƙan da Battersea da Cats Protection suka tsayu a kai. Hanya ta uku ita ce shagunan sayar da kayan gwanjo da jama'a suka kyautar, da bukukuwan neman taimako. Ta huɗu kuwa ba kuɗi ba ce, lokaci ne: masu aikin sa kai waɗanda ke share ɗakuna, ko su ɗauki 'yan jariran kyanwoyi su rena a gidajensu har su yi ƙwari.

Gwamnatin Birtaniya ma tana da nata hannu ta wata fuska. A ƙarƙashin wani tsari mai suna Gift Aid, wanda aka fara a 1990, idan mai biyan haraji ya ba ƙungiyar taimako fam 4, ƙungiyar tana iya karɓo ƙarin fam 1 daga hukumar haraji, daga cikin harajin da mutumin ya riga ya biya.

Lambun Kyanwoyi na Alƙahira

Kada a ɗauka tausayin kyanwa da ware mata dukiya a Turai aka fara. Fiye da shekara 500 kafin a kafa gidan Battersea, Sarkin Masar Zahir Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya bar waƙafin wani lambu kusa da masallacinsa a arewacin Alƙahira, domin a riƙa ciyar da kyanwoyin birnin da abin da lambun ya samar. Wannan ya dace da koyarwar Musulunci, wadda ta yi gargaɗi da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba.

To, me ya sami wannan lambu? Wani Bature mai suna Edward William Lane, wanda ya zauna a Alƙahira ya kuma wallafa littafi kan al'adun Misirawa a 1836, ya ba da labarin cewa masu riƙon waƙafin sun sayar da lambun da hujjar wai ya lalace, gyaransa zai ci kuɗi. Waɗanda suka saya su ma suka sayar, aka yi ta yi har abin da ke shigowa kyanwoyi a shekara ya zama ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Daga ƙarshe nauyin ciyar da su ya koma kan babban alƙalin birnin, wanda kowace la'asar ake kawo tarkacen nama farfajiyar kotunsa kyanwoyi su taru su ci.

Kyautar sarki ce guda, mai yawa, mai albarka. Abin da ta rasa shi ne idon da zai tsare ta bayan mai ita ya kau.

Tsaron Amana

A Ingila da Wales akwai wata hukuma mai suna Charity Commission wadda ke yi wa ƙungiyoyin taimako rajista tana sa musu ido. Ƙungiya irin ta Battersea tilas ta miƙa rahoton kuɗinta kowace shekara, bayan masu binciken kuɗi na waje sun tantance shi, kuma kowa yana iya karanta rahoton a intanet. Amintattun da ke jagorancin ƙungiya a bisa al'ada ba a biyansu albashi, doka kuma tana iya kama su in suka yi wasa da dukiyar. Bugu da ƙari, kuɗin da aka bayar da sharaɗi, misali don gina ɗakin kyanwoyi, ba a yarda a karkatar da shi ga wani aiki dabam ba.

Saboda haka duk mai niyyar ba da gudummawa ga gidan renon dabbobi, a kowace ƙasa yake, yana da haƙƙin ya yi tambayoyi huɗu. Shin ƙungiyar tana da rajista, su wane ne kuma amintattunta? Shin asusun bankin da za a zuba kuɗin da sunan ƙungiyar yake, ko da sunan wani mutum? Shin tana fitar da lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita? Shin akwai likitan dabbobi da ke duba dabbobin, ana kuma barin jama'a su ziyarci wurin? Ƙungiyar kirki ba ta jin haushin waɗannan tambayoyi. Ya kamata a ƙara yin hattara a wannan zamani, gama akwai mazambata masu yaɗa hoton dabba a wahale a kafofin sadarwa suna karɓar kuɗi, alhali babu gidan, babu dabbar.

Abin da Ya Shafi Nijeriya

Wani zai ce ina ruwan ƙasar da mutane ke fama da kansu da batun kyanwa? Amsar ita ce lafiyar kyanwa tana haɗe da lafiyar gida. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, wani nau'in ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci. Cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar don rage ɓeraye akwai rufe hatsi da abinci, da zubar da shara nesa da gida, da tsabta, da kuma ajiye kyanwa. A ɗaya ɓangaren, kyanwar da aka yasar ba rigakafi tana iya kamuwa da ciwon haukan kare ta kuma sa wa mutum ta hanyar cizo. Wanda dabba ta ciza ko ta yakushe, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, ya garzaya asibiti nan take.

Masu sha'awar kafa gidan renon dabbobi a Nijeriya suna da hanyar yin haka bisa doka, ta yin rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Tarayya, su buɗe asusu da sunan ƙungiya, su haɗa kai da asibitin dabbobi na jiharsu. Mai kyanwa a gida kuwa ya sani cewa maganin mutane ba na kyanwa ba ne. Ƙwayar farasitamol ɗaya tana iya kashe ta, haka kuma wasu magungunan ƙuma na karnuka guba ne a gare ta. In ta yi rashin lafiya, wurin likitan dabbobi za a kai ta.

A ƙarshe, jama'a, kyanwar da ke gidan reno ba ta da bakin da za ta kai ƙara in an cinye haƙƙinta. Nauyin binciken yana kan mai bayarwa, nauyin riƙon amana kuma yana kan mai karɓa. Ana kira ga kowa da ya bayar gwargwadon ƙarfinsa, ya karɓi rasit, ya nemi ganin lissafi a ƙarshen shekara. Allah ya sa a dace.