Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu Na Ƙasar Danko A Kan Kiran Taron Gari

Lalle ne kowane hakimi ya san inda doka ta tsaya game da taron jama'a, domin abin da aka saba da shi a zamanin En'e ya sāke tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976.

A dā, Dokar Zaman Lafiyar Jama'a ta 1979 ta ce wanda zai tara mutane a fili sai ya nemi izni aƙalla awa 48 kafin taron. Amma sashe na 40 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin taruwa, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci cewa tilasta neman iznin ya saɓa wa wannan 'yanci. Sa'an nan Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ce idan an sanar da su za a yi taro a wurin da jama'a ke shiga, wajibinsu ne su kawo masu tsaro. Watau yanzu sanarwa ake yi, ba roƙo ba. Hakimi ba shi da ikon hana taron lumana don kawai bai gamshe shi ba.

Saura kuma aikin malamin hakimi, wanda hankali da adalci suka ɗora masa. Ya rubuta rana da lokaci da wuri da maganar da za a tattauna. Ya aika da takarda ga babban ɗan sandan yankin, da ofishin Ƙaramar Hukumar Danko-Wasagu a Ribah, ya ajiye kwafi. Sankira ya yi shela ranar kasuwa, da Hausa da Dakarci, a kuma faɗa a masallaci da majami'a. Dagatai su isar da saƙo har ƙauyukan nesa da rugagen Fulani.

Dalili kuwa a fili yake. Idan aka yanke magana a kan iyakar gona ko burtali alhali mai haƙƙi bai ji kira ba, ba zai yarda da ita ba, daga nan sai ƙara ta kai gaban Sarkin Zuru ko kotu, wani lokaci ma har a zub da jini. Ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa. Hakimin da ya sanar da kowa a kan lokaci ya tsare mutuncinsa, ya kuma tsare ƙasarsa.

Allah ya zaunar da mu lafiya, amin.