Jagoranci da Tsarin Fasahar Zamani a Gundumomin Makarantun Amurka

Gundumar makarantu ita ce hukumar da ke riƙe da makarantun gwamnati na wani gari ko yanki a Amurka, tun daga ajin share fage har zuwa aji na 12, wato ƙarshen sakandare. Akwai irinsu kimanin 13,000 a faɗin ƙasar. Wata gunduma makaranta ɗaya tal gare ta a ƙauye, wata kuwa, kamar ta New York ko ta Los Angeles, ɗalibanta sun fi mutanen wasu manyan garuruwa yawa. Galibi jama'ar yankin ne ke zaɓen 'yan majalisar gundumar da ƙuri'a, su kuma su ɗauki babban jami'in da zai tafiyar da aiki. Kuɗin gudanarwa daga harajin gidaje da filaye yake fitowa da kuma aljihun gwamnatin jiha, domin kason gwamnatin tarayya a yawancin shekaru bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba. Mai karatu a Nijeriya zai iya kwatanta ta da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, sai dai ƙarfinta ya zarce haka nesa ba kusa ba. Ita ke ɗaukar malamai, ta zaɓi littattafai, ta ba da kwangila, har ta ci bashi da sunan jama'a idan masu ƙuri'a sun amince.

Saboda wannan 'yanci, duk shawarar da ta shafi kwamfuta da intanet a makaranta a wuyan gunduma take. Abin ya ɗauki sabon salo a 1996, lokacin da dokar sadarwa ta ƙasar ta kafa shirin E-rate, wanda ke rage wa makarantu da ɗakunan karatu kashi 20 zuwa 90 cikin 100 na kuɗin haɗa intanet, gwargwadon talaucin ɗalibansu. Shekaru da dama sharaɗin samun wani ɓangare na tallafin shi ne gunduma ta gabatar da rubutaccen tsarin fasaha. Ta haka tsarin ya zama al'ada, amma ta haka kuma ya zama takardar cike gurbi a wurare da yawa, a rubuta don a karɓi kuɗi, a jefa a durowa. Muƙamin daraktan fasaha shi ma ya sauya. A da mutumin da ake kira ne idan na'urar buga takardu ta maƙale. Yanzu a manyan gundumomi yana zama a teburin shawara tare da mai kula da koyarwa da mai kula da baitulmali, domin babu abin da zai saya wanda bai taɓa aji ba.

Tsari na gaskiya yana da jeri, kuma jerin shi ne ginshiƙinsa. Ana farawa da tambayar abin da ake so yaro ya iya wanda bai iya ba yanzu, da yadda za a gane ya iya. Daga nan sai malami: me zai yi dabam ranar Litinin da safe, wa zai koya masa, a wane lokaci cikin makonsa da ya riga ya cika. Bayan haka ake duba wuta da wayoyi da ƙarfin intanet na kowane gini, sannan ma'aikatan gyara, sannan kuɗin da za a ci gaba da kashewa kowace shekara. Na'ura ita ce ƙarshen zance. Larry Cuban, masanin tarihin ilimi a Jami'ar Stanford wanda shi kansa ya taɓa zama babban jami'in gunduma, ya nuna a littafinsa Oversold and Underused na 2001 cewa ko a makarantun yankin Silicon Valley, inda kwamfuta ta wadata, yawancin malamai ba su sauya yadda suke koyarwa ba. Tun kafin nan ya bi tarihin majigi da rediyo da talabijin a aji, ya tarar da labari iri ɗaya: a zo da na'ura da kirari, a manta da mai riƙe da alli.

Babu inda aka ga illar juya wannan jeri kamar Los Angeles. Gundumar ita ce ta biyu a girma a ƙasar, tana da ɗalibai fiye da 600,000 a 2013, mafi yawansu 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. Babban jami'inta, John Deasy, ya ƙudurta ba kowane ɗalibi da malami kwamfutar hannu ta iPad. Hujjarsa tana da nauyi, kuma bai kamata a raina ta ba. Jarrabawar sabon ma'aunin karatu na Common Core a kwamfuta za a riƙa yin ta, kuma a ganinsa zalunci ne ɗan mai kuɗi ya tashi da na'ura a gida, ɗan talaka kuwa sai a ɗakin jarrabawa zai fara taɓa ta. A watan Yuni na 2013 majalisar gundumar ta amince da kwangilar dala miliyan 30 da kamfanin Apple domin makarantu 47 na zangon farko. Kowace na'ura ta tashi a kan dala 768 daga baya, har da darussan da kamfanin Pearson zai ɗora a ciki. An ƙiyasta shirin gaba ɗaya zai ci kimanin dala biliyan 1.3, kuma mafi yawan wannan kuɗi na gyaran hanyoyin intanet ne a gine-ginen makarantu.

Aibin farko yana wajen kuɗin. An ɗebo shi ne daga takardun lamunin gina makarantu, bashin da jama'a za su yi shekara 25 suna biya, alhali garantin na'urar da lasisin darussan shekara 3 ne. Yaron da aka saya wa iPad zai girma ya haihu, na'urar ta daɗe a bola, iyayensa suna kan biyan harajinta. Aibi na biyu, darussan Pearson ba su kammala ba lokacin da aka saye su, samfuri kawai aka gani. Na uku ya bayyana cikin mako guda da rabawa: a watan Satumba ɗalibai kusan 300 na makarantar sakandaren Roosevelt suka goge makullin tsaron da aka sa wa na'urorin, suka shiga Facebook da YouTube. Jaridu sun kira abin kutse, amma 'yan danne-danne ne kaɗan da yaro zai koya wa ɗan'uwansa a lokacin tara. Gundumar ta hana tafiya da na'urorin gida, alhali karatu a gida yana cikin dalilan sayensu. A lokacin ne kuma aka farga ba a tanadi madannan rubutu ba, ga shi ana buƙatarsu a jarrabawa, kuma ba a tsayar da wanda zai biya idan na'ura ta ɓata ko ta fashe ba.

Gundumar ta ɗauki cibiyar American Institutes for Research ta auna shirin. Rahotonta na 2014 ya ce a cikin azuzuwa 245 da masu bincike suka shiga, a ɗaya kacal suka tarar ana amfani da darussan Pearson. Wannan adadi ya fi kowane bayani nuna inda gizo ke saƙa. Horon da malamai suka samu kaɗan ne, intanet na yankewa a tsakiyar darasi, jami'an da ya kamata su taimaka wa malamai da dabarun koyarwa kuma lokacinsu ya ƙare a gyaran na'ura. Malamin da darasi ya watse masa sau biyu a gaban yara 35 ba zai sake gwadawa ba, kuma ba a ga laifinsa ba.

A watan Agusta na 2014 aka fallasa wasiƙun imel da suka nuna Deasy da mataimakinsa Jaime Aquino, wanda ya taɓa aiki da wani reshen Pearson, sun yi ta tuntuɓar kamfanonin biyu tun kafin a buɗe neman kwangilar. Deasy ya musanta aikata ba daidai ba, amma ya dakatar da kwangilar. A daidai wannan lokaci sabuwar manhajar adana bayanan ɗalibai mai suna MiSiS ta rikice, har ɗalibai a makarantar Jefferson suka yi makonni ba su da jadawalin darasi na ƙwarai. Deasy ya yi murabus a watan Oktoba, shugaban sashen fasaha Ron Chandler ya bi bayansa. A Disamba jami'an FBI suka kwashi kwalaye 20 na takardu, magajin Deasy, Ramon Cortines, kuma ya soke kwangilar. A 2015 aka yi sulhu, gundumar ta samu diyyar da ta kai dala miliyan 6.4. Binciken tarayya ya ƙare a 2017 ba tare da an tuhumi kowa ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Babu kotun da ta sami wani da laifi. Abin da ya tabbata shi ne gaggawa, da jagoran da ya yarda da manufarsa har ya daina jin masu tambaya. 'Yan majalisar da suka amince ba su matsa da tambaya ba, malaman da za su yi aikin ba a nemi shawararsu yadda ya kamata ba, yardar jama'a kuwa da ta zube ba ta kwasu ba.

Abin mamaki, misalan da za a koya daga gare su suna nan tun kafin 2013. Jihar Maine ta fara raba kwamfutar cinya ga dukan 'yan aji 7 a 2002, a ƙarƙashin gwamna Angus King, bayan shawarar da ya yi da Seymour Papert na cibiyar MIT. Aji ɗaya aka fara da shi, aka ƙara aji 8 a shekara ta gaba, aka ba malamai nasu tun kafin yara, kuma gogaggiyar shugabar makaranta, Bette Manchester, aka ɗora a kan shirin.

Gundumar Mooresville a jihar Karolina ta Arewa ta fi kusa da batun. Ƙarama ce, a shekarun shirinta na kwamfuta ɗalibanta ba su kai 6,000 ba, kuma ita ce ta 100 cikin gundumomi 115 na jihar wajen kuɗin da ake kashe wa kowane ɗalibi. Mark Edwards ya karɓi ragamarta a 2007, ya shigo da kwamfuta daki-daki cikin shekaru. Hayar na'urorin aka yi, ana biya daga kasafin kowace shekara, iyaye na ba da dala 50 ta gyara, marasa hali an ɗauke musu. Ana tara malamai horo a lokacin dogon hutu, ana kuma tashin yara da wuri a wasu ranaku domin malamai su zauna su duba sakamakon kowane ɗalibi da sunansa. Masu kammala sakandare sun ƙaru daga kashi 80 cikin 100 a 2008 zuwa 91 a 2011. A can shugaba Barack Obama ya je a watan Yuni na 2013 ya ƙaddamar da shirin ConnectED na haɗa makarantu da intanet, a watan da majalisar Los Angeles ta amince da kwangilarta. Nasarar ba kyauta ta zo ba. An rage ma'aikata 65, ciki har da malamai 37, azuzuwa suka ƙara cunkoso, kuma wannan farashi ne da mai hankali zai iya cewa ya yi tsada. Haka nan ba a iya raba abin da kwamfuta ta kawo da abin da sa ido a kan kowane yaro ya kawo. Amma an san abin da aka sadaukar, an faɗe shi a fili, an kuma san daga inda kuɗin shekara ta biyar zai fito.

Annobar korona ta 2020 ta gwada kowace gunduma a rana ɗaya. Waɗanda suka riga suka shirya sun koma karatu daga gida cikin kwanaki, sauran suka shiga layin sayen kwamfutar Chromebook a kasuwar da kaya suka yi ƙaranci, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. An kuma gane cewa na'ura ba ta da amfani a gidan da babu intanet, har wasu gundumomi suka riƙa ajiye motocin makaranta masu Wi-Fi a unguwanni. Gwamnatin tarayya ta zuba kimanin dala biliyan 190 na agajin makarantu a zango uku, wa'adin na ƙarshe ya cika a Satumba na 2024. Kuɗin sau ɗaya aka ba da shi, na'urorin da aka saya da shi kuwa tare za su tsufa. Wannan ita ce matsalar bashin Los Angeles a wata riga, kuma yanzu tana gaban dubban gundumomi.

Nauyin da ya fi ƙaruwa a kan daraktan fasaha shi ne amanar bayanai. Gunduma tana riƙe da adireshin yaro da sakamakonsa da tarihin lafiyarsa da na ladabtar da shi, dokar FERPA ta 1974 kuma ta ɗora mata alhakin kiyaye su, ko da a hannun ɗan kwangila suke. A farkon Satumba na 2022 gungun masu kutse da ake kira Vice Society suka shiga kwamfutocin gundumar Los Angeles suka nemi kuɗin fansa. Babban jami'in gundumar na lokacin, Alberto Carvalho, ya ƙi biya, su kuma suka watsa bayanan da suka sata. A watan Maris na 2024 gundumar ta ƙaddamar da Ed, manhajar hira mai ƙirƙirarriyar basira da za ta riƙa amsa wa ɗalibai da iyaye, bisa kwangilar kimanin dala miliyan 6 da wani ƙaramin kamfani mai suna AllHere. A watan Yuni kamfanin ya durƙushe ya sallami yawancin ma'aikatansa, gundumar ta kashe manhajar wata uku kacal bayan bikin buɗe ta, iyaye kuma suka shiga tambayar inda bayanan 'ya'yansu suka kwana. Kafin shekarar ta ƙare, masu gabatar da ƙara na tarayya sun tuhumi shugabar kamfanin da damfarar masu zuba jari.